Ragin da Mumini Ya Samo wa Baba

Sallama gare ku 'yan'uwa masu bibiyata, da ku da yau ne kuka fara faɗowa shafin nan. Masu turo min saƙo suna tambaya ko an kawo baliz ɗin aurena, wato lefe, ku gafarce ni da shirun da na yi. Ba rezon waya ne ya ɗauke ba, hannuna ne ya kasa riƙe waya. Yau zan faɗa muku abin da ya faru yadda ya faru, kuma don Allah kar wanda ya ce min in yi haƙuri. Na ji kalmar nan har ta fita raina.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Nasiba, 'yar Alhaji Sumana mai tiranzi a nan Gaya. Tun kafin a haife ni aikin Baba shi ne fitar wa 'yan kasuwa kayansu daga duwan, wato kwastan. Da na gama karatun lakkol sai ya zaunar da ni a bironsa, wato ofishinsa, ɗaki ɗaya da baranda a bakin hanyar da ke gangarawa gada. Ni ce mai buga takardu, ni ce mai dafa shayi in baƙi sun zo. Tun da aka rufe gadar Malanbil, wadda ta haɗa mu da ƙasar Benin, manyan motocin da ke jeruwa har su tare mana ƙofa suka watse. Abin da ya rage yana ciyar da gidanmu shi ne lissafin masu motoci da Baba ke riƙe musu, da takardun impo, wato haraji, da yake shirya musu kowace shekara. Dukkansu a cikin ordinater guda suke, wato kwamfuta, wata tsohuwa mai ƙugi kamar injin markaɗe.

Ita ce ma ta haɗa ni da Abdulmumini. Ɗan garin Bana ne, yana da ɗan shago kusa da tasha inda yake gyaran ordinater da wayoyi. Ranar farko da ya zo gyara ko kallona bai yi ba, sai da zai tafi ya ce shayina ya yi zaƙi da yawa. Na ji haushi, amma washegari na rage sukari. Daga nan ordinater ta dinga samun ciwon da ni kaɗai ke gani, shi kuma ya dinga zuwa dubawa ba ya karɓar ko dala. Da manyansa suka zo neman aurena Baba bai ja musu rai ba. Ɗana yake kiransa. An tsayar cewa da an gama hidimar impo ta bana za a kawo baliz.

To, ana cikin haka sai wa'adin manhajoji biyu ya ƙare kusan lokaci guda: wadda muke lissafin haraji da ita, da antibiris mai tsare ordinater daga ɓarayin intanet. Da Baba ya ji kuɗin sabuntawa sai ya cire hula ya ajiye a gwiwa, ya ce a bari tukuna. Mumini ya yi ta lallashinsa, ya ce barin ordinater mai ɗauke da amanar mutane babu tsaro daidai yake da barin biro a buɗe ranar kasuwa. Baba ya ce ya sani, aljihun ne bai sani ba.

Mumini ya koma ya dinga neman mai rahusa. Duk da yamma sai ya turo min bokal, saƙon murya, yana ba ni labari, wannan ya yi tsada, wancan bai yarda da mai sayarwar ba. Ran nan da hantsi saƙonsa ya shigo: "Madam sakatare, ki ce wa Baba na samo." Wani kanti ne a Yamai mai izinin sayar da su, yana ragin ƙarshen shekara. Akwai lambar ragi da ake bugawa a cire kashi talatin cikin ɗari, kuma wanda ya sayi manhajojin biyu a cikin watan, bayan ɗan lokaci za su maido masa wani abu daga kuɗinsa. Baba ya yi dariya ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin kuɗi sun shiga hannun mai kanti sun juyo ba. Amma ya ji daɗi, na gani a fuskarsa.

Abin da ke hannu bai kai kuɗin duka biyun ba, don haka ranar Juma'a aka sayi ta lissafin haraji, Mumini ya sa ta da hannunsa. Antibiris kuma aka bar shi sai Litinin idan Baba ya haɗa sauran. Kafin ya tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya roƙe mu, ni da Baba, kada a buɗe komai a kanta, kada a danna komai, har ya dawo. Baba ya ce to. Da yamma kuwa a fada, majalisar shayinsu ta ƙofar gida, babu wanda Baba bai ba labari ba, cewa surukinsa ya samo masa ragi da wata lamba, yaran yanzu akwai kai. Ni kuma ina daga ciki ina jin daɗi kamar ni aka yaba. Da na san inda yabon nan zai kai mu, da na fita na kifar da butar shayin don taron ya watse.

Ranar Asabar Baba Gado ya zo biro. Ƙanen Baba ne, direba ne da, tun da aka rufe gada ba shi da aiki sai yawo cikin gurup-gurup na waya. Ya shigo da murna yana nuna wa Baba wani saƙo da aka turo masa: antibiris, ragin kashi casa'in, yau kaɗai. Ya ce me zai sa a biya na Yamai alhali ga wannan kusan kyauta. Baba ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in buɗe masa ordinater, don ni ke riƙe da lambar sirrinta.

Na ce, "Baba, Mumini fa ya ce kar a taɓa."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Biron nawa ne ko na Mumini?"

Ku faɗa min, wace 'ya ce za ta amsa wannan? Na buga lambar na matsa gefe. Suka danna, suka biya 'yan kuɗin ta waya, wata koriyar garkuwa ta fito tana cewa an tsare komai. Baba ya jingina da kujera yana murmushi. Ya ce kada in faɗa wa Mumini, ranar Litinin zai ba shi mamaki, ya san tsofaffi ma sun iya cin arha. Wallahi ba da mugunta ya yi ba. So yake yaron nan ya yaba masa, kamar yadda shi ya yaba masa a fada.

Litinin da safe na share biro, na kunna ordinater, sai fuskarta ta fito ja wur, da rubutun Faransanci manya-manya. An kulle duk dosiyoyin da ke ciki, wato fayil-fayil ɗin mutane, in ana so a buɗe a tura kuɗin waje masu yawan da ko gidanmu aka sayar sai an yi ciko. Na danna na Alhaji Yakuba, babu. Na danna na wani, babu. Lissafin mutane na shekaru, rasit ɗin da aka ɗauki hotonsu aka maida wa masu su asalin, takardun bana da muka kusa gamawa, duk suna nan da sunayensu amma ba sa buɗuwa.

Mumini ya iso da fara'arsa, da lambar ragin antibiris rubuce a tafin hannunsa. Da ya ga jan nan sai ya zauna bai ko yi sallama ta biyu ba. Ya wuni a kanta, bai ci ba, bai sha ba, ya kira abokan aikinsa na Yamai da na Dosso. Bayan azahar ya ce wa Baba cikin ƙaramar murya ba ta buɗuwa, kuma ko an biya mutanen nan babu tabbas za su buɗe.

Gaya ba ta da girma. Kafin la'asar barandarmu ta cika. Alhaji Yakuba, wanda ya fi kowa motoci a cikin masu ba Baba aiki, ya shigo da babbar rigarsa ta shadda ruwan toka yana haki. Wa'adin kai takardun impo ya matso, in ya wuce akwai tara mai nauyi a kan kowa. Ya tambaya wa ya taɓa ordinater ɗin nan a ƙarshe. Kafin kowa ya motsa Baba Gado ya riga ya amsa. Ya ce ai kowa ya ji a fada, yaron nan ne ya sa mata kayan ragi, wa ya san inda ya kwaso su, wa ya san abin da ya rage wa aljihunsa.

Na dubi Baba. Kansa na ƙasa, yana jan carbi. Mumini ma Baba ya duba, ya ɗan jira, sannan ya sunkuyar da kai. Na buɗe baki ke nan Baba ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Nasiba, je ki kawo wa baƙi ruwa."

Na je na kawo ruwa. Kafin in dawo magana ta riga ta zauna.

A gida na samu Inna Kadi, mahaifiyata, a gindin bishiyar bedi tana tsinke zogale za ta kwaɗa kopto. Na durƙusa na zayyana mata komai, tun daga zuwan Baba Gado har koriyar garkuwa. Hannunta bai tsaya ba. Ta ce ta sani, Baba ya faɗa mata tun kafin in shigo. Ta ce in dubi ƙannena da ke lakkol, in dubi maganin tansiyon, na hawan jini, da Baba ke sha safe da yamma. Idan masu motoci suka ji shi da hannunsa ya zubar musu da amana don neman arha, babu mai sake ba shi ko takarda ɗaya, kuma ba shi da shekarun fara wata sana'a.

"Saurayi in ya faɗi a Gaya zai tashi a wani gari," ta ce. "Ubanki fa, ina zai je?"

Na ce to ni fa, Inna? Sai a lokacin ta ɗago. Idonta ya yi ja, amma abin da ta ce shi ne in tattara kayan da Mumini ya taɓa ba ni in ajiye wuri guda, don ba ta ga yadda za a yi a kawo baliz daga gidan wanda gari ke zagi saboda mu ba. Saboda mu, haka ta ce. Ita ma ta san kalmar da ta dace.

Na shiga ɗaki na buɗe akwati. Atamfar nan mai ruwan lemun tsami da ya sa aka tsallako masa da ita daga Malanbil, wadda na ce ba zan ɗinka ba sai ranar kamu. Turare rabin kwalba. Wayar da nake rubuta muku da ita yanzu. Na zauna a tsakiyarsu kamar mai tallan gwanjo. 'Yan'uwa, kuna yawan ce min in bi zuciyata. Wacce daga ciki? Wadda ke son Mumini, ko wadda ke jiyo tarin Baba ta bango?

Kwanakin da suka biyo baya mutane suka dinga zuwa shagon Mumini suna karɓe kayansu, wani ma tun ba a gama gyara ba. Wani ya rubuta masa ɓarawo da gawayi a ƙofa. Na tura masa saƙo ya fi a ƙirga, yana karantawa ba ya amsawa. Sai ran Alhamis ya rubuto: "Bakin ruwa, bayan la'asar, wajen masu kifi."

Na ce wa Inna zan sayo kifi, na zura dogon hijabi na hau kabu-kabu. Na same shi zaune a kan wani kifaffen jirgi, yana kallon masu fito suna loda buhuna da mutane zuwa tsallake. Ya rame, rigarsa duk ta yamutse. Na fara cewa akwai abin da bai sani ba, sai ya girgiza kai. Ya ce ya sani tun ranar Litinin, ordinater ba ta ɓoye ranar da aka sa mata abu. Asabar ce, bayan azahar.

Na ce, "To me ya hana ka faɗa?"

"Na jira shi ya faɗa. Da bai faɗa ba, na gane ba zai iya ba ne."

Na ce ni zan faɗa. Ya ce in na faɗa, da wane ido zan shiga gidansa a matsayin amarya, bayan na tsallake gawar mutuncin ubana? Kuma da wane ido shi zai gaida Inna? Ya ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba, yadda gidansu ya koma bayan rasuwar mahaifinsa, yadda aka rarraba su gidajen dangi kamar kayan gado. Ya ce ba ya so ƙannena su san wannan. Na tambaye shi, to mu fa? Amsar da ya ba ni ita ce in sayi kifin kar Inna ta gane.

A ranar ne kuma labari ya zo cewa sandikar masu motoci, wato ƙungiyarsu, za ta zauna a kan maganar ranar Asabar da safe. In laifin Mumini ya tabbata za su kai shi komisariya wajen 'yan sanda. Kuma shugaban sandika, dattijo ne mai son a bi abu daki-daki, ya ce tunda yarinyar biro ce ke riƙe da lambar sirri, a zo da ita ta dafa Alƙur'ani ta faɗi wanda ya taɓa ordinater a ƙarshe. Da Baba Gado ya kawo saƙon gida, Inna ta saki ludayin da ke hannunta. Baba ya tashi ya shige ɗaki. Babu wanda ya ce min in rantse da ƙarya, ba su kai nan ba. Babu kuma wanda ya ce min in faɗi gaskiya. Aka bar ni da tuwo a gaba yana hucewa.

Na rubuta wa Mumini cewa ba zan dafa Littafin Allah in yi ƙarya ba, ko da me zai faru. Ya amsa da kalma biyu: "Na sani."

Ranar Asabar na yi alwala tun a gida, na sa wata tsohuwar atamfa ruwan ƙasa da baƙin hijabi, ko kwalli ban sa ba. Ni da Baba muka taka a ƙasa zuwa biron sandika, yana gaba ina baya. An jera bencina a ƙarƙashin rumfar kwano. Alƙur'ani na kan tebur a naɗe cikin koren ƙyalle. An ajiye wa Mumini kujera ɗaya a gefe, ta roba, fara.

Aka jira shi. Rana ta fara zafi, kwanon ya fara ƙara, kujerar nan babu kowa. Shugaba ya aika a duba shago, aka dawo aka ce a rufe yake da kwaɗo, maƙwabcinsa ya ce tun da sassafe ya gan shi da jaka ya nufi bakin ruwa. A daidai lokacin wayata ta yi motsi a cikin hijabi. Na karanta a ɓoye:

"Na tsallaka. Wanda ya gudu ya amsa laifinsa, ba sai kin rantse ba. Ki kula da Baba."

Wurin ya kaure da surutu. Baba Gado ya miƙe yana cewa ai ga shi nan, mai gaskiya ba ya gudu. Alhaji Yakuba ya ce Allah ya isa, ya juya yana ba Baba haƙuri, wai an cuce su tare, za su haɗu su roƙi a ƙara musu wa'adi, kowa ya kawo takardun da ke hannunsa a sake lissafi daga farko. Shugaba ya sa aka ɗauke Alƙur'ani daga tebur. Har an fara tashi, sai ya dube ni.

"'Yata, kina da abin da za ki ce?"

Na dubi Baba. Hannunsa na kan gwiwa, ya danne shi da ɗayan. Wannan hannun ne ya riƙe ni ranar farko da aka kai ni lakkol. Na tuna mutumin da ke cikin jirgi a tsakiyar ruwa, wanda ya bar shagonsa da sunansa don kada a sa ni zaɓi. In na yi magana, tafiyarsa ta zama banza. In na yi shiru, ta zama gaskiya.

Na ce, "Babu, Alhaji."

Mutane suka dinga yi min sannu a hanya, wai Allah ya tsare ni da auren macuci. Wata ma har da rungume ni. Na amsa musu duka da amin.

Muna isa gida Baba ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Bai fito azahar masallaci ba, abincin da Inna ta ajiye masa a bakin ƙofa ƙudaje suka yi ta bi. Ni kuma na kwanta da hijabina ina kallon silin, ko kuka ya ƙi zuwa.

Bayan la'asar na ji ya kira sunana. Na same shi zaune a kan buzun salla, babu hula, ya tsufa a wuni ɗaya. Ya miƙo min wayarsa ba tare da ya dube ni ba.

"Kira min yaron nan."

Na buga lambar da na haddace tun kafin in yarda ina sonsa. Muryar matar nan ta kamfanin waya ta fito, tana cewa da Faransanci ba a samun mai wannan lamba. Baba ya ji, don na buɗe sautin. Na sauke wayar a hankali.

Ya ce, "Sake kira."

Na sake. Matar ta maimaita abin da ta faɗa, da murya ɗaya, ba ta ƙara ba ta rage ba. Na ce Baba, ya cire layin, ya riga ya shiga Benin. Sai na ga hawaye na bin gemunsa yana ɗiga a kan buzu, bai share ba.

"Sake, Nasiba," ya ce. "Sake kira."